Filin Sanin Daji: Suda Mai Labari

 Filin sanin daji na wannan wata ya tsaya a kan tsuntsuwa guda. Sunanta suda.

Babu ɗan ƙauyen da bai taɓa jin sunan suda ba. In mutum ya cika magana, sai a ce da shi suda. Amma in aka tara jama'a a dandali aka ce kowa ya faɗi kamanninta, kaɗan ne za su iya. Da yawa sun ji muryarta, ba su ga jikinta ba. Wasu sun gan ta, ba su san ita ce ba. Wannan rashin sani yana jawo hasara. Yara na harbinta da danƙo, suna zaton ɓarauniyar hatsi ce. Manya na sare duhuwar da take kwana ciki. Alhali suda ma'aikaciyar gona ce da ba a biya.

ASALINTA

Ƙasar Nijar tana da tsuntsaye fiye da iri 500. Suda ɗaya ce daga cikinsu. Masana sun rubuta sunanta cikin littafi tun shekarar 1766. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, mai suna Line, shi ne ya yi wannan aiki. Ya raɗa mata sunan ƙasar Senegal, don daga can aka fara kai labarinta Turai. Da Faransanci ana ce mata cagra mai baƙin kai. Wanda zai yi zancenta da ma'aikatan gandun daji, to ya riƙe wannan suna.

Dangin suda suna da yawa a Afirka. Wasunsu na zaune cikin manyan kurame na kudu, irin na Kamaru da Gabon da Kwango, inda rana ba ta kai wa ƙasa saboda ganye. Ita suda ba ta shiga babban kurmi. Ta zaɓi dajin da itatuwa ke warwatse, mai ciyawa da ƙaya. Ana samunta daga Senegal har Habasha, har Afirka ta Kudu. Akwai ta a Maroko da Aljeriya da Tunisiya, akwai ta kuma a kudancin ƙasar Larabawa, wajen Yaman.

Duk da haka ba ta bar halin gidansu ba. Ko ina take, sai ta nemi ɗan ƙaramin kurmi. Kurmin suda shi ne gindin sabara mai cunkoso, ko geza, ko kalgo, ko magarya da sarƙaƙiya ta lulluɓe. In babu irin wannan duhuwa, babu suda.

Suda ba ta ƙaura kamar shamuwa. Rani da damana tana nan wuri guda. Namiji da mace suna riƙe yanki ɗaya na daji, suna kore sauran 'yan'uwansu daga ciki.

KAMANNINTA

Tsawon suda daga baki zuwa ƙarshen wutsiya santimeta 20 ne ko ɗan fiye. Taƙin babban mutum ke nan. Nauyinta bai wuce na ƙwan kaza ba. Ga alamomi biyar da ake gane ta da su.

Ta farko, kanta. Saman kan baƙi ne wuluk, kamar ta sa hula.

Ta biyu, girarta. A bisa ido akwai farin zane mai faɗi, daga gindin baki zuwa ƙeya. A ƙarƙashinsa akwai baƙin zane da ya ratsa ido, kamar an ja mata kwalli. Baƙi a sama, fari a tsakiya, baƙi a ƙasa. Wannan ita ce babbar shaida.

Ta uku, fikafikanta. Jajaye ne, irin jan ƙasar gini ko na tukunya da aka gasa. Bayanta ruwan ƙasa ne, cikinta kuma toka-toka mai haske.

Ta huɗu, wutsiyarta. Doguwa ce, mai duhu, bakinta fari. In ta tashi sai ta baza ta, farin ya fito fili. Sau da yawa abin da ido ke kamawa ke nan: jan fiffike da farin bakin wutsiya, ta faɗa cikin duhuwa.

Ta biyar, bakinta. Baƙi ne, mai ƙarfi, tsininsa a lanƙwashe kamar ƙugiya.

Namiji da mace kamanninsu ɗaya. Ɗan da bai daɗe da barin sheƙa ba, hularsa ba ta yi baƙi ba tukuna. Ruwan ƙasa ce, bakinsa ma bai yi duhu ba.

MURYARTA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wajen suda, ji ne ke fara zuwa. Muryarta fito ce mai zaƙi, kamar ta mutum. Wanda bai saba ba sai ya waiwaya, ya zaci wani makiyayi ne ke yi wa shanu fito a bayan tudu. Waƙar na farawa da ƙarfi, ta hau, ta sauka, ta sake hawa kaɗan, sannan ta riƙa gangarowa a hankali har ta mutu. Sai ta yi shiru, ta kuma ɗauko ta daga fari. Ana jin ta daga nesa.

Namiji ne ya fi yin wannan fito. Wani lokaci macen na amsa masa da wata ƙara mai karkarwa, kamar ana jan tsinke a bisa matsefi. In suka ga maciji ko kyanwa, sai muryar ta canza, ta koma gurnani mai kaushi.

Da faɗuwar damana namiji yana da wani wasa. Yakan tashi sama daga kan itace, fikafikansa na kaɗawa da ƙara, fir-fir-fir. In ya yi sama, sai ya baza wutsiya, ya ɗaga kai, ya sauko a hankali yana fito, har ya faɗa cikin wata duhuwa. Da wannan yake neman mace, da shi kuma yake shaida wa sauran maza cewa wurin nan da mai shi. A wannan lokaci ne aka fi ganin suda a sarari.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Akwai tsuntsaye uku da ake iya ruɗewa da su.

Na farko ragon maza. Shi ma kansa baƙi, fikafikansa ja, wutsiyarsa doguwa. Amma ya ninka suda tsawo. Idonsa ja ne. Ba shi da farar gira. Kukansa hu-hu-hu ne, kamar ana tsiyayar da ruwa daga gora.

Na biyu baƙo ne na lokacin ɗari. Yana zuwa daga ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum bayan ɗaukewar ruwa, ya koma gida da bazara. Girmansa kusan na suda, bakinsa ma da ƙugiya. Amma shi saman kansa ja ne, bayansa baƙi da fari, cikinsa fari. Halinsa ma dabam. Yana zama a ƙololuwar ƙaya, a fili, kowa na ganinsa. Suda kuwa a ƙasa take, cikin ɓoyo.

Na uku ɗan'uwan suda ne na jini. Bayansa baƙi, cikinsa ja jawur, saman kansa rawaya. Ya fi son duhuwa mai sanyi kusa da ruwa, irin ta bakin kogin Kwara da lambunan Yamai. Namiji na yin fito guda, macen ta amsa nan take da ƙas-ƙas, har mutum ya ɗauka tsuntsu ɗaya ne ke kukan.

ABINCINTA

A nan ne maganar ta shafi rumbu. Baki shi ne ke nuna sana'ar tsuntsu. Jan-baki da gado bakinsu gajere ne, mai kauri, don fasa ƙwayar hatsi. Suna tashi garke-garke, su faɗa wa gona lokaci guda. Su ne ake kora da majajjawa da gwangwani.

Suda ba ta garke. Ɗaya ake gani, ko biyu. Bakinta mai ƙugiya na kamun ƙwari ne. Tana tsalle a ƙasa, tana gudu a ƙarƙashin rassa, tana tona busasshen ganye. Abincinta fara da ɗango, da tsutsa, da buzuzu, da gara, da gizo-gizo. Takan kama ƙananan ƙadangaru da kwaɗi, har da ɗan ƙaramin maciji. Ba ta hawa zangarniya don cin hatsi.

Gaskiya ita ce, suda ba ta iya tsayar da babbar fara. A shekarar 2004, da farar hamada ta sauka a arewacin jihar Tilaberi, har da ƙasar Filinge, babu tsuntsun da ya isa ya tare ta. Wannan aikin ma'aikatan kare tsirrai ne. Aikin suda na yau da gobe ne. Tana rage ƙananan fari da tsutsotsi da ke ƙyanƙyashewa a gefen gona, tun ba su yi yawa ba. Lokacin da take ciyar da ɗiyanta, kamun nata na ƙaruwa, kuma a lokacin ne shuka ke ƙarama. Da kaɗan-kaɗan tulu ke cika.

SHEƘARTA

A ƙasashen Sahel suda ta fi yin ƙwai da damana, lokacin da ƙwari suka yawaita. Sheƙar ƙarama ce, kamar ƙoƙo marar zurfi. Da siraran saiwoyi da ƙirare ake saƙa ta, a ɗaure da yanar gizo. Ana ɗora ta a cikin gwafar reshe, ba can sama ba. Galibi ba ta wuce tsayin mutum.

Ƙwai 2 ne ko 3. Farare ne, da zane-zane ja da ruwan ƙasa. Kwanci na ɗaukar kwana 12 zuwa 15. Namiji na taya macen, amma ita ta fi daɗewa a kai. Bayan ƙyanƙyasa, ɗiyan na yin kamar kwana 15 cikin sheƙa kafin su fita. A haɗa duka, wata guda ke nan.

Wata gudan nan shi ne lokacin haɗari. Sheƙar na ƙasa-ƙasa, hannun yaro na kai mata. Gatari ɗaya na iya kashe gida guda. Wanda ya ga sheƙa cikin itacen da yake son sarewa, ya yi haƙuri har ɗiyan su tashi. Itacen ba ya gudu.

INDA ZA A NEME TA

Garin Filinge na nesa da Yamai da kamar kilometa 180, arewa maso gabas. Yana bakin Dallol Boso, tsohon kwarin da ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Kwara. Ruwan sama a nan kaɗan ne, galibi tsakanin milimeta 300 da 400 a shekara. Saboda haka duhuwa ba ta ko'ina. Tana inda ruwa ke tsayawa ko yake bi.

Wuraren da suka dace a duba su ne: bakin ƙorama da ke saukowa daga dutse zuwa kwari, gefen tabki, iyakar gonaki inda aka bar sabara da kalgo, gefen burtali, tsohuwar saura da ta yi shekaru ba a noma ba, da kuma bisa tudu inda geza da anza ke haɗa kai. Daga Cikal zuwa Tukunus, daga Bonkuku zuwa Damana, akwai irin waɗannan wurare. Ba sai an yi nisa da gari ba.

YADDA AKE KALLONTA

Kallon suda ba ya son kuɗi. Kunne yake so, da ido, da haƙuri.

A fita bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. In ba a samu ba, a bari sai bayan la'asar. Da tsakar rana tsuntsaye na laɓewa.

A fita mutum ɗaya ko biyu. A bar kare a gida. A sa tufa marar haske, don farar riga na korar tsuntsu.

In aka ji fito, a tsaya cik. A gane duhuwar da muryar ke fitowa. Kada a nufe ta kai tsaye. A kewaya har rana ta koma bayan mai kallo, don launin tsuntsu ya fito sosai.

A tsaya nesa da kamar taki 20. A zauna a gindin itace, a jingina. A duba ƙasa da ƙananan rassa, ba sama ba. In aka yi shiru na ɗan lokaci, suda za ta fito kiwo da kanta. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

In ta fito, a duba alamomin nan bi da bi: hula, gira, fiffike, wutsiya, baki. Alama guda ba ta isa shaida ba. In uku suka haɗu, to ita ce.

Wanda ya iya fito yana iya kwaikwayon muryarta, wani lokaci ta amsa. Amma kada a yawaita. Namiji na ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, sai ya bar kiwo ya shiga nema.

In an ga sheƙa, kada a taɓa ƙwai, kada a karya reshen da ya rufe ta. Hankaka da maciji na bin sawun da mutum ya buɗe.

Makiyayi ya fi kowa sa'a a wannan aiki. Tsuntsu ya saba da dabbobi, ba ya gudunsu kamar yadda yake gudun mutum. Wanda ke zaune shiru kusa da awakinsa yana ganin abin da mai wucewa ba ya gani.

A RUBUTA ABIN DA AKA GANI

Magana na tashi, rubutu na zama. Wanda ya ga suda ko ya ji ta, ya ɗauki kaye da alƙalami, ya rubuta abu biyar: ranar, da wurin, da irin itacen, da yawan tsuntsayen, da abin da suke yi. Ga misali: ranar 10 ga Yuli, bakin ƙorama gabas da gari, cikin geza, suda 2, ɗaya na fito.

In mutanen gari suka riƙa yin haka shekara da shekara, kayen zai zama madubin dajinsu. Za a san wurin da suda ta ƙaru, da wurin da ta ɓace. Inda ta ɓace, a je a duba. Za a tarar an sare duhuwa, ko wuta ta ci, ko an yi kiwo har ƙasa ta fito.

BABU DUHUWA, BABU SUDA

Tsofaffin Kurfai sun ga farin 1973, sun ga na 1984. Sun san yadda daji ya kwanta a waɗannan shekaru. Bayan fari kuma ga gatari, ga faɗaɗa gonaki, ga neman itacen wuta. Duhuwar da suda ke so ita ce mai riƙe ƙasa kada iska ta kwashe. Ita ce ke rage gudun ruwa a ƙorama. Ganyenta abincin bisashe ne da rani. Anzar da ke cikinta ta ceci gidaje da yawa a shekarun yunwa. Ashe gidan suda garkuwar gona ne.

Akwai abin koyi daga jihar Maraɗi. Tun wajen 1984 manoman can suka kama sassaben zamani. Maimakon su ƙone kututture, sai su zaɓi tsiro mai ƙarfi su raine shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wannan aiki ya maido da itatuwa kamar miliyan 200, a kan hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta sa hannu a kan dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfani da itatuwan da ya raina a gonarsa.

Sai dai akwai abin lura. Itacen da aka sassabe wa ƙananan rassa yana da amfani ga hatsi, amma suda ba ta iya ɓuya a gindinsa. Don haka aikin kashi biyu ne. A tsakiyar gona a raini gawo da aduwa da kalgo, a gyara su. A iyakar gona kuwa, da bakin ƙorama, da gefen burtali, a bar wasu su cunkushe yadda Allah ya yi su. Duhuwa uku ko huɗu a gefen gona ba su rage damma ko ɗaya.

Makiyaya su ma da nasu rabo. In za a sara wa dabbobi ganye, a sari reshe, a bar uwar itace. In an hura wutar shayi a daji, a kashe ta sarai kafin a tashi.

Iyaye su gaya wa yara masu tsaron gona: a kori garke, a bar mai tafiya ita kaɗai. Laifin jan-baki kada ya hau kan suda.

Ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ita ce kuma ranar dashen itace a Nijar tun 1975. Dashe abu ne mai kyau. Amma itacen da ya fito da kansa ya riga ya kafa saiwa, ba ya son ban ruwa. Barinsa ya fi dashe sauƙi.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA

Ga tambayoyi huɗu da za a tattauna a dandali ko a wurin karatu.

1. Waɗanne alamomi biyar ake gane suda da su?
2. Mene ne bambancin bakin suda da bakin jan-baki?
3. A wane gefen gari ake jin suda bana? A wane gefe tsofaffi suka ce ana jin ta da, yanzu ba a ji?
4. Wace duhuwa mutanen gari za su yarda su bari, kowa ya san ba a sarewa?

Garin da ya tattauna, ya rubuta amsarsa ya aiko wa wannan fili. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai tsaya a kan carki, abokin tafiyar shanu. Allah ya ba da damana mai albarka.